Kafin ka ce ƙwaƙwalwar jif ɗina ta mutu, me ka auna?

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu gyaran wayar mota, kuma wallahi ta ishe ni: "Alhaji, ƙwaƙwalwa ce ta tafi." Gilas ya ƙi sauka, ƙwaƙwalwa. Waifa ta kama aiki da kanta ba ruwa ba iska, ƙwaƙwalwa. Batir ya kwana ya wayi gari a mace, ƙwaƙwalwa. Mutum bai buɗe akwatin fis ba, bai ɗora mita a kan ko waya ɗaya ba, amma ya riga ya yanke hukunci a kan ɗaya daga cikin kayan wuta mafi tsada a motar. Kai kuma mai mota ba ka da ta cewa, sai dai ka sa hannu a aljihu.

Ƙwaƙwalwar da ake magana ba ta inji ba ce. Ita wannan, BCM, ɗan akwati ne da galibi ke ɓoye a ƙarƙashin dashbod, ita ke kula da kayan jikin mota: fitilun ciki da na waje, sigina, makullan ƙofa, gilasai, waifa, hon, ƙararrawar ɓarayi, a motoci da yawa har da gane makulli kafin inji ya tashi. Shi ya sa idan ta rikice abubuwan da ba su da alaƙa da juna suke haukacewa tare. Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Batir mai rauni yana kawo irin wannan haukan. Wayar da aka ɗaure a jikin ƙarfen mota, idan ta yi tsatsa ko ta saki, tana kawo shi. Wayoyin da suka bi ta cikin robar da ke tsakanin ƙofa da jikin mota, waɗanda shekara da shekaru ana lanƙwasa su duk buɗewa da rufewa, suna karyewa daga ciki alhali fatarsu lafiya lau. To da me ka bambance?

Tsohuwar jif ɗina ta fara ne da kulle ƙofofi da kanta, sai fitilar ciki ta ƙi mutuwa, sai batir ya riƙa zubewa cikin dare. Wanda na kai wa ya ce batir ne, aka saya. Ya ce altaneta ce, aka sauya. Ya ce makunnin ƙofar direba ne, aka sauya. Da duk suka ƙi, sai ya dafa bonet ya girgiza kai kamar mai ta'aziyya, ya faɗi waccan magana. A duk tsawon wannan jeka-ka-dawo ban ga mita a hannunsa ba sai sau ɗaya, shi ma a kan batir kawai. Da na tambaye shi me na'ura ta nuna, sai ya ɗauko wata 'yar ƙaramar na'ura ya soka a soket ɗin OBD mai baki 16, wato inda ake haɗa na'urar binciken mota, ya ce, "Ka gani, Alhaji, babu kod." Ina kod zai fito? Irin waɗannan ƙananan na'urori matsalar inji kawai suke karantawa, lambobin da suka fara da P. Matsalar jikin mota da B take farawa, ta sadarwa tsakanin ƙwaƙwale kuma da U, kamar U0140 da ke nufin an rasa jin ɗuriyar BCM. Wanda ba shi da na'urar da za ta shiga nan, me ya kai shi karɓar aikin?

Abin takaicin, gwajin ba wani sihiri ba ne. Batir mai lafiya, mota a kashe, yana nuna kusan volt 12.6, inji na aiki kuma ya hau wajen 13.5 zuwa 14.5. Wannan kaɗai da ya nuna cewa altanetata tana cajin batir yadda ya kamata. Don gano mai shan batir da dare, a haɗa mita a layin batir, a rufe komai, a jira motar ta yi barci, wani lokaci har rabin awa ko fiye. Idan ta kwanta, abin da take ja bai kamata ya wuce kimanin miliam 50 ba. Idan ya wuce, a bi fis ɗaya bayan ɗaya har a kama layin da ke da laifi. Sannan a je kan soket ɗin BCM ɗin kanta a tabbatar wuta na isa, hanyar komawarta jikin ƙarfe ma tsaf take. A motocin da ƙwaƙwalensu ke sadarwa ta layin waya da ake kira CAN, a cire batir a auna tsakanin baki na 6 da na 14 na soket ɗin OBD, a ga ko ya ba da om 60. Sai duk waɗannan sun fita lafiya ne ake da bakin cewa ƙwaƙwalwa ta mutu. Aikin haƙuri ne, kuma haƙurin ne ba sa so, domin sauya kaya ya fi kawo kuɗi da sauri.

Tawa kuwa, ashe da gaske ta lalace. Kada wani ya ce ai ga shi ya yi daidai. Shaci-faɗi ne ya faɗa kan gaɓa, kuma ni na biya kuɗin sauran da suka kuskure. Ya kawo ta hannu, wadda aka ciro daga wata motar, ya ce iri ɗaya ce. Akwatin iri ɗaya, soket ya shiga, amma lambar kayan ta bambanta. Aka murza makulli, inji ya yi shiru, fitilar tsaro na ta ƙiftawa a dashbod. Ƙwaƙwalwar tana ɗauke da lambar VIN, wato lambar shasi, ta motar da ta baro, ba ta san makullaina ba, ba ta san irin kayan da ke jikin tawa motar ba. Sai an zauna da kwamfuta an saita ta, an koya mata makullai. Sai a lokacin yake gaya mini shi ba ya wannan, in nemi mai kwamfuta. Haba Malam! Wannan ai kafin a kwance ƙusa ɗaya ake faɗa.

Masu ƙera motocin ma ba zan ƙyale su ba. Wane tunani ne ya sa a ajiye allon lantarki a wurin ƙafafu, daidai inda ruwa ke gangarowa idan robar gilashin gaba ta tsufa ko magudanar rufin da ake zugewa ta toshe? Mota ta tsufa kaɗan sun daina ƙera kayan, manhajar saitawa kuma a hannun dillalansu take ko sai an biya kuɗin shiga. Inji garau, giya garau, amma ɗan akwatin da bai fi tafin hannu biyu ba ya tsugunar da mota sukutum.

Wanda ya saita mini ita shi ne ya fara yin abin da ya kamata tun farko. Ya ce in kawo tsohuwar, ya buɗe murfinta. Bakin soket ya yi kore shar da tsatsa, allon kuma ga sawun ruwa fari-fari ya bushe a kai, har ƙafar wani rile ta cinye. Ya ɗaga kafet ɗin gefen, ya matse soson da ke ƙasa, ruwa ya tsiyayo ta tsakanin yatsunsa. Ya zuba ruwa a magudanar rufi, maimakon ya fita ta ƙarƙashin mota sai ya biyo ginshiƙin gilashi yana ɗiga kan wayoyin da ke shiga ƙwaƙwalwar da aka sa. Wato wancan ya cire wadda ruwa ya kashe, da hannunsa ya taɓa jiƙaƙƙen kafet, ya ɗaura wata a gurbin ya mayar da murfi bai ce uffan ba. Da na koma na nuna masa allon, ko kunya babu, ya juya shi a hannu ya ce ai shi aikin waya aka ba shi, yoyo kuma na mai gyaran bodi ne, kuma kayan wuta ba su da garanti. Tsohuwar altanetata da babu abin da ya same ta ma, da na ce ya ba ni, cewa ya yi yaransa sun kwashe.