Tsohuwar da maciji ke fitowa daga bakinta

Shekara huɗu ina zaune a Padova, a arewacin Italiya, sai bana na shiga ɗan cocin nan na Scrovegni. Minti 15 kacal ake ba mutum a ciki, don kada numfashin jama'a ya lalata zanen bangon da Giotto, wani mai zane ɗan Italiya, ya kammala wajen 1305. Kowa ya ɗaga kai yana kallon shuɗin rufi, ni kuwa gindin bango ne ya riƙe ni. Can ya zana halaye 14 cikin siffar mutane, bakwai na kirki a gefe ɗaya, bakwai munana suna fuskantarsu, dukkansu da ruwan toka kamar sassaƙen dutse.

Cikin munanan akwai Hassada, tsohuwa ce mai zaƙo-zaƙon kunnuwa. Ta damƙe jaka da hannu ɗaya, ɗayan ta miƙa kamar za ta warci na wani. Wuta na ci a ƙafafunta. Daga bakinta maciji ya fito, ya juyo ya nufi idonta. Babu kowa kusa da ita. Duk ɓarnar a jikinta take.

Mu ba mu saba zana hali da fuskar mutum ba. A baki muke ajiye shi: kwaɗayi mun ba kura, wayo mun ba gizo, ƙarya mun ce fure take ba ta 'ya'ya. Ban ga mun gaza ba, don karin magana na shiga inda bangon coci ba ya zuwa. Amma kan hassada, a ganina zanen ya fi mu faɗin gaskiya. Abin da muke rubutawa a bayan tirela da Keke Napep shi ne "hassada ga mai rabo taki". Wanda ake yi wa muke lallashi. Kowa a gida yana da mahassada, amma ban taɓa jin wanda ya ce shi ne yake yi ba, kuma mu 'yan ci-rani mun fi kowa wannan ƙorafi.

Alhali tun muna allo an karantar da mu cewa hassada na cin kyawawan ayyuka kamar yadda wuta ke cin itace. Ayyukan mai yin ta ake nufi. Wutar ce na gani a ƙafar tsohuwar, sai na tuna yadda ƙirjina ya yi nauyi ranar da wani ɗan garinmu ya riga ni samun takardun zama. Ina nan tsaye mai gadi ya ce lokaci ya cika.