Ƙarfe biyu ya isa, a sako mana 'ya'yanmu su dawo gida

Takardar nan da makarantar 'ya'yanmu ta turo a zauren iyaye na WhatsApp, wadda da yawanku kuka riga kuka gani, zalunci ce, kuma ba zan sassauta kalmar ba. A ce daga wannan zangon kowane ɗalibi, tun daga ɗan aji ɗaya na firamare, dole ne ya zauna lesin har ƙarfe huɗu na yamma, sannan a ɗora wa uba kuɗin wannan zaman a kan kuɗin makaranta, to an shiga haƙƙin yaro kuma an shiga haƙƙin gidansu. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda iyaye suka yi ta jera godiya da addu'a a ƙarƙashin takardar, ba tare da ko mutum ɗaya ya tambayi lokacin da yaran za su huta ba.

Mu lissafa ranar yaron nan tsakaninmu da Allah. Ana tashinsa da asuba, kafin bakwai ya bar gida. Idan aka tashe shi daga makaranta ƙarfe huɗu, daidai lokacin ne ake shiga Islamiyya, saboda haka uwarsa za ta tare shi a bakin ƙofa da wasu kayan makarantar a hannu, ya tura loma biyu yana tsaye, ya sake fita. Ba zai dawo ba sai dab da magariba. Wani ma akwai makarantar dare da ke jiransa. Bayan isha'i sai a buɗe jaka a fito da aikin gida na darussa uku ko huɗu, ga haddar gobe, idan an ɗauke wuta kuma da fitilar waya za a yi. Yaron da ya kwanta ƙarfe goma ya tashi biyar da rabi ya sami barcin awa bakwai da rabi ke nan, alhali ƙungiyar likitocin barci ta Amurka, a shawarar da ta fitar a 2016, ta ce ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar awa 9 zuwa 12 a kowace rana. Duk wanda yake bin hanya da yamma ya ga sakamakon wannan da idonsa: 'yar yarinya a bayan adaidaita sahu, jaka a goye, kular abinci a cinya, kanta ya faɗa kan kafaɗar yayanta, tana barcin da ko ramin titi ba ya tashinta. Ko jaki ana sauke masa mangala idan rana ta yi.

Ƙarfe biyu ya isa. Awa shida a aji sun ishi malamin da ya san aikinsa ya koyar da ɗan shekara bakwai karatu da rubutu da lissafi. Idan makaranta ta kasa yin haka daga takwas zuwa biyu, ba za ta yi shi daga biyu zuwa huɗu ba, lokacin da rana ta take, yaro ya gaji, shi ma malamin ya gaji kuma sau da yawa ɗan abin da ake ba shi daga kuɗin lesin ɗin bai taka kara ya karya ba.

Na san abin da za a ce. Za a ce akwai jarrabawar shiga sakandare, akwai gasa, zamani ya canza. Ɗan aji ɗaya saura masa shekara biyar kafin wannan jarrabawa, don haka wannan ba hujja ba ce. Za a ce idan aka bar su a gida waya da talabijin za su cinye su. To a karɓe wayar, wannan aikin uba ne da uwa, kuma ba a biyan makaranta ta ɗauke mana shi. Akwai kuma masu cewa a rage Islamiyya maimakon lesin, su ba zan ma tsaya jayayya da su ba. Iyakar waɗanda nake yi wa uzuri su ne gidajen da uba da uwa duk suna wurin aiki har yamma, kuma ko su abin da suke buƙata wuri ne da yaro zai ci abinci ya kwanta ya yi wasa, a bar shi a matsayin zaɓi ga mai so.

Addininmu bai taɓa koya mana wannan matsi ba. A cikin Bukhari, Abdullahi ɗan Mas'ud yana yi wa mutane wa'azi ranar Alhamis kawai, da aka roƙe shi ya mayar da shi kullum sai ya ƙi, ya ce Manzon Allah (SAW) yana zaɓar musu lokacin wa'azi don gudun kada su ƙosa. Manyan sahabbai ke nan, balle yaron da bai gama famfara ba. Imam Gazali a cikin littafinsa Ihya'u ya ce a bar yaro ya yi wasa bayan ya taso daga makaranta, domin hana shi wasa da matsa masa da karatu kullum yana kashe masa zuciya, ya dushe masa basira. Makarantar allo da ta yaye malamanmu ma tana hutun Alhamis da Juma'a. Ta fuskar doka kuwa, sashe na 31 na yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Najeriya ta amince da ita a 1991, ya ambaci hutu da wasa a cikin haƙƙoƙin yaro.

Amma abin da ya fi damuna shi ne gida. Muna yawan kukan cewa yaran yanzu ba su iya gaisuwa ba, ba su san dangi ba, ba su iya zama da manya ba. A ina za su koya? Yarinya tana koyon tuƙa tuwo ne a gefen uwarta, yaro yana koyon ladabi ne idan ubansa ya riƙe hannunsa zuwa masallaci ko gaisuwar mara lafiya, yana jin yadda ake magana da yadda ake yin shiru. Tatsuniyar kaka, langa, carafke, 'yar gala-gala, cin abinci a kwano ɗaya da 'yan'uwa, duk suna buƙatar yammacin da babu ƙararrawa a cikinsa. Mun ƙwace wannan yammacin mun sayar, sannan muna zargin yaran.

Ƙarfe biyu ya isa, kuma haka zan faɗa a taron iyaye da malamai mai zuwa, ko da ni kaɗai ne zan miƙe. Zan kuma haɗa da maganar lesin dogon hutu, domin watan Agusta shi ne kawai lokacin da ya rage wa yaran birni su je ƙauye su kwana biyu wurin kakanninsu, su ga gero a gona da damina, kuma shi ma makarantu sun fara cinye shi da darasin safe har da na Asabar.