Ruwan ƙarya da ruwan gaskiya a Bali

Kusan duk wanda ya je tsibirin Bali na ƙasar Indonesiya hoto ɗaya yake dawo mana da shi: yana tsaye a ƙofar haikalin Lempuyang, dutsen Agung a bayansa, ga tafki garau a ƙasa. Jama'a, babu tafki a wurin nan. Guntun madubi ne mai ɗaukar hoto yake karawa a bakin kyamarar waya. Mutum ya sha layi na sa'o'i don ruwan ƙarya, alhali ruwan da ya cancanci kallo yana can cikin gonakin shinkafa.

Je ka ƙauyen Jatiluwih ka gani. Gonaki ne hawa-hawa a jikin tudu, ruwa yana gangarowa daga wannan zuwa waccan ta ƙananan magudanai, wani wurin ma ta rami aka ratsa da shi cikin dutse. Manoman da ke shan ruwa ɗaya su ne ƙungiya ɗaya, ana ce mata subak. Su zaɓi shugabansu, pekaseh, su haɗu a haikalin ruwa su tsayar da ranar shuka da rabon kowa. Tun wajen ƙarni na 9 ake haka, sai a 2012 UNESCO ta sa tsarin cikin kayan tarihin duniya. Wanda ya taɓa noman rani ya san abin da nake nufi: na gaba ya tare ruwa, na ƙarshen layi ya kwana a gona yana gadi.

A shekarun 1970 gwamnatin Indonesiya ta kawo sabon iri da takin zamani, ta ce kowa ya yi ta shuka ba hutu, a manta da kalandar haikali. Ƙwari suka yi wa shinkafa kaca-kaca. Ashe idan yanki guda ya huta lokaci ɗaya, ƙwaro ba ya samun abin ci, sai yunwa ta kashe shi. Wani masani Ba'amurke, Stephen Lansing, ya yi bincike ya nuna cewa tsarin tsofaffin nan lissafi ne, ba al'ada kawai ba.

Ban ce kar a kalli rawa ba. Rawar Kecak a haikalin Uluwatu da faɗuwar rana abin kallo ce: maza tsirara daga ƙugu zuwa sama, zaune a da'ira, babu ganga babu sarewa, bakinsu kaɗai ke "cak-cak-cak" ana wasan Ramayana, tsohon labarin Hindu. Sai dai ba ta kai tsufan da ake zato ba, a shekarun 1930 Wayan Limbak, ɗan rawa na Bali, da Bajamushen mai zane Walter Spies suka tsara ta a haka. Ka dai riƙe tabarau da wayarka, biran wurin ɓarayi ne na gaske.

Mutanen Bali yawancinsu Hindu ne a ƙasar da Musulmi suka fi yawa. Addininmu daban, amma haikalin wurin ibadarsu ne, ba dandalin hoto ba. An ce ka ɗaura zani da ɗamara, ɗaura. Ɗan kwandon furen ibada da suke ajiyewa a bakin hanya, kewaye shi, kar ka taka.

Tun Fabrairun 2024 kowane baƙo ɗan yawon buɗe ido daga ƙasar waje yana biyan rupiah (kuɗin Indonesiya) 150,000 don kare al'adu da muhalli. Da ni ake shawara, manomin subak zan fara ba kuɗin, domin otal-otal suna shanye masa ruwa, gonaki ana sayar da su ana gina masaukin baƙi, 'ya'yansa kuma sun gwammace aikin otal da shiga taɓo.