Mataki na 1 ba sauƙi ba ne

Kun rubuta cewa galahanga (wato autism, lalurar da ke shafar yadda mutum ke mu'amala da jama'a) ta mataki na 1 "mai sauƙi" ce. Ban yarda ba. Matakai ukun da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka fitar a 2013 yawan tallafin da mutum ke buƙata suke aunawa, kuma buƙatar kan canza. Ɗan ƙanwata a nan Maradi yana magana sarai, yana karatu, amma ƙarar kabu-kabu bakin kasuwa kan sa ya toshe kunnuwa ya durƙushe yana kuka. A lakwal malaminsa ya ce taurin kai ne, ya zane shi. Kai kuma malam mai cewa aljanu ne, don Allah ka bari. In an rubuta "sauƙi" a takardarsa, wa zai tsaya ya taimake shi?