Awa biyar ɗin da masu yankan tikiti ke sayar mana

Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, kusan kilomita 3,400 ne a miƙe. Jirgin da bai yada zango ko'ina ba, awa biyar ta ishe shi. Da wannan lissafin wasu masu yankan tikiti a garin nan suke cutar bayin Allah.

Ka shiga ofis ka ce Umara za ka kai tsohuwarka, sai ka ji, "Ai Alhaji nan da nan ne, kafin Hajiya ta gama lazimi kun sauka." Ba mai buɗe baki ya ce maka Addis Ababa za a fara nufa. Kano zuwa Addis kaɗai ya haura kilomita 3,000, kusan tafiyar Jiddan kenan gaba ɗaya, sannan a sake miƙewa arewa wajen kilomita 1,400. Wannan ma da sauƙi, zaman jiran jirgi na biyu shi ne bala'in. Suna cusa shi can ƙasan takarda da ƙananan haruffan boko, kuma kowane lokaci da agogon garinsa aka rubuta. Habasha da Saudiyya sun riga mu da awa biyu, wa zai zauna ya warware wa dattijuwa wannan?

Haka mahaifiyata, mai ciwon suga da ciwon gwiwa, ta kwana a zaune kan kujera. Maganinta da bargonta suna cikin babbar jakar da aka auna tun a Kano, don an ce mana tafiyar ba nisa. Addis kuwa a kan tudu take, sama da mita 2,300, sanyin darenta ba ya wasa. Ga dattawan da suka ɗaura harami tun daga gida, sun takure a lungu haƙora na kaɗawa, wai su ma awa biyar aka ce musu!

Da na koma ofishin, yaron ko kunya babu: "Haƙuri za ka yi Alhaji, yaƙin Sudan ne." Na sani, lokacin da yaƙin ya ɓarke a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyar ƙasar, jirage suka koma zagaye. To yaƙin ne ya ɗinke maka baki ranar da kake ƙirga kuɗina? Kano, garin da jirgin sama ya sauka tun 1925, a ce har yau sai ka yi bincike irin na ɗan sanda kafin ka san inda za ka kwana.

Ba araha na roƙa ba. Da ya ce min ga mai tafiya kai tsaye, ga mai kwana a hanya, ga bambancin kuɗinsu, wallahi da na ciwo bashi na cika.