Sufurin Kano: Kafin a ciwo bashin jirgi, a gaya mana wa zai riƙa ciyar da bas

Ranar 10 ga Janairun 2022 'yan adaidaita sahu suka ajiye mashinansu a Kano, saboda Naira 8,000 da KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar, ta ce su biya na sabunta izinin aiki. Kwana uku aka yi ana ja-in-ja, kuma a kwanakin nan birnin ya koma tafiyar ƙafa. Mata da goyo, 'yan makaranta, ma'aikatan asibiti, 'yan kasuwar Kwari da Singa, kowa ya kama hanya yana takawa, mai sa'a kuma ya samu bayan a-kori-kura ya ɗare. Ba wannan ne karon farko ba, domin a Fabrairun 2021 ma an yi irinsa a kan harajin Naira 100 na kullum. Abin da yajin aikin ya tona shi ne, birnin da ake yi wa kirari da cibiyar kasuwancin Arewa ba shi da wata hanyar kai mutanensa wurin neman abinci sai babur mai ƙafa uku, wanda kuma ba gwamnati ce ke tafiyar da shi ba.

Yadda aka zo nan ba ɓoyayye ba ne. A zamanin Malam Ibrahim Shekarau aka shigo da waɗannan babura, kuma sunan ma daga shirinsa na A Daidaita Sahu ya samo asali. Manufar farko ita ce a raba mata da hawa acaɓa. Da gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa ɗaukar fasinja a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, sai adaidaita ya gaji titin baki ɗaya. Hayis da tasi da a da suke lodi a 'Yankura da Bata suka yi ta ja da baya. Shi kuwa garin bai tsaya jiran kowa ba. A ƙidayar 2006 ƙananan hukumomi takwas na ƙwaryar birni suna da mutane wajen miliyan 2.8, kuma tun daga lokacin gini yake ta ci gaba ta Rijiyar Zaki da Janguza, ta Bachirawa da Dawanau, ta Mariri da Gunduwawa, ta Panshekara. Gidaje suna nisa, amma kasuwanni da manyan asibitoci da ofisoshi suna nan inda suke a tsakiya.

Kada a ɗauka ina cikin masu zagin 'yan adaidaita. Yaron da ya karɓi mashin bashi, ko yake kai wa mai shi balas kullum yamma, ya toshe ramin da gwamnatoci suka bari ne. Sai dai lissafin ba ya fita. Mashin ɗaya mutum uku ne a baya, a matsa a ƙara ɗaya ko biyu a gefen direba. Mutanen da babbar bas ɗaya za ta kwasa, sai an jera mashin goma sha biyar ko fiye kafin a ɗebe su, kowanne da injinsa da hayaƙinsa da wurin da ya tare a titi. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta taɓa dubu. Direba ba shi da inda zai kai wannan ƙari sai kan fasinja. Shi ya sa yanzu za ka ga magidanci a bakin titin Kurna ya tsayar da mashin uku yana ciniki a kan Naira hamsin, kowanne ya girgiza kai ya wuce, daga ƙarshe ya yanke shawarar takawa zuwa Ƙofar Ruwa don ya rage zango ɗaya.

Amsar da gwamnatocin Kano suka fi bayarwa ita ce gada. Ƙofar Nassarawa, Gadar Lado, doguwar gadar Sabon Gari, Dangi, Hotoro, ga kuma na Tal'udu da Ɗan'agundi da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta bayar da kwangilarsu. Wasunsu sun rage cunkoso, ba na musu. Amma gada mai mota take yi wa aiki da farko, kuma mafi yawan Kanawa ba su da mota. Ba ta rage wa mai zuwa Asibitin Murtala daga Sheka ko sisi a kuɗin mota ba. Sau da yawa ma cunkoson gaba kawai take turawa, ka sauko daga sama a guje ka tarar da shi yana jiranka a mahaɗa ta gaba.

Amsa ta biyu ita ce jirgin ƙasa na cikin gari. A 2016 gwamnatin Ganduje ta sanar da yarjejeniya da wani kamfanin China ta dala biliyan 1.85. Daga baya aka dawo da maganar rancen Yuro miliyan 684 don kashin farko, dattawan jihar ƙarƙashin marigayi Bashir Tofa suka fito suka ce ba su yarda ba, kuma har gwamnatin ta sauka ba a shimfiɗa layi ko ɗaya ba. Yanzu maganar ta sake tasowa ta ɓangaren gwamnatin tarayya, ga shi kuma gyaran tsarin mulki na 2023 ya bai wa jihohi ikon yin nasu layin dogo. Ni ba na ƙin Kano ta samu jirgi. Gari mai wannan girma zai buƙace shi wata rana. Abin da ke damuna shi ne duk muhawarar a kan kuɗin gini take tsayawa, ba wanda ke tambayar abin da zai faru washegarin ranar yanke kyalle.

A duba Abuja. An buɗe jirginta na cikin gari a Yulin 2018, da rancen dala miliyan 500 daga bankin Exim na China a cikin kuɗin aikin. Aka tsayar da shi a 2020 lokacin korona, bai dawo ba sai Mayun 2024. Shekara huɗu yana kwance, bashin kuwa bai kwanta ba. Kuma ko lokacin da yake aiki, layin bai bi ta Nyanya da Maraba ba, inda ma'aikata ke kwana a hanya, tashoshi da dama kuma ba su da titin da zai kai mutum gare su. A Addis Ababa ta Habasha an buɗe nasu a 2015 kan dala miliyan 475, da jirage 41. Ba a yi shekara goma ba fiye da rabinsu suka tsaya, saboda babu kuɗin waje na sayen kayan gyara. Sayen doki ba ya gagarar mai kuɗi, harawa da dusa na kullum su ke nuna ko ya isa riƙe shi.

Mu ma mun ga ƙaramin misali a gida. A ƙarshen 2022 aka ƙaddamar da motocin Kanawa Bus, bas 100 da tasi 50, har aka sanar da hana adaidaita bin wasu manyan tituna don a ba su hanya. Jama'a suka yi ca, domin an hana abin da ke akwai kafin wanda zai maye gurbinsa ya kankama, nan da nan gwamnati ta janye. Yau a tambayi duk wani mazaunin Kabuga ko Hotoro ko yana tsara fitarsa ta safe bisa lokacin isowar wata bas ta gwamnati. Haka abin yake tafiya a jihohi da yawa: a sayo motoci, a yi musu fenti, a jera a filin taro, a miƙa su ga wata hukuma a ce ta ciyar da kanta daga kuɗin tikiti. Taya ta ƙare, gilashi ya fashe, babu wanda ya ware kuɗinsu. Sai a fara cire kayan wannan a gyara waccan, har a wayi gari gareji ya cika da gawarwaki.

Gaskiyar da 'yan siyasa ba sa son faɗa ita ce, a mafi yawan manyan biranen duniya kuɗin tikiti ba ya ɗaukar nauyin sufurin jama'a. Hukuma ce ke cika gibin, da saninta, a rubuce cikin doka. Faransa tun 1971 ta ɗora wa masu ɗaukar ma'aikata a yankin Paris wani kaso a kan albashin da suke biya, ana zuba shi kai tsaye a harkar sufuri, daga baya aka faɗaɗa zuwa sauran birane. Hujjarsu mai sauƙi ce: mai kamfani yana cin moriyar motar da ta kawo masa ma'aikaci a kan lokaci. Wannan tsari ba zai zauna daidai a Kano ba, inda masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa da yawa suka rufe, mafi yawan masu aiki kuma ba su da takardar albashi. Amma tushen maganar yana nan: a samo wata kafa ta kuɗi wadda ba ta dogara da ra'ayin gwamna mai ci ba.

Kuma kafar tana nan, ba sai an ƙirƙiro sabon haraji ba. Kullum ana karɓar kuɗi a titunan Kano: tikitin 'yan adaidaita, rajistar lamba, sabunta takardun mota, tarar KAROTA, kuɗin tashoshi, kuɗin allunan talla. A yi doka da za ta ce wani kaso sananne na waɗannan ya shiga asusun sufuri na birni, a riƙa buga abin da ya shiga da abin da ya fita duk wata uku. A ƙara da kuɗin ajiye mota a kewayen Kwari da Sabon Gari da Wambai, inda motar mutum ɗaya ke cinye layi guda tun safe har magariba kyauta. Sannan kason da jihohi ke samu daga asusun tarayya ya ƙaru sosai bayan cire tallafin mai. Kuɗin nan daga aljihun mai hawa adaidaita ya fito, don haka mayar masa da wani abu ta hanyar sauƙin kuɗin mota ba alfarma ba ce. Na tabbata da direban adaidaita yana ganin inda ɗarinsa ke zuwa, da rigimar 2021 ba ta kai yadda ta kai ba.

Darasin Legas ma mutane suna karanta shi a juye. Kowa jirgin Blue Line yake nunawa, ana mantawa an fara aikinsa tun zamanin Fashola amma bai ɗauki fasinja ba sai Satumbar 2023, kilomita 13 kacal daga Marina zuwa Mile 2. Abin da Legas ta fara yi shi ne kafa hukumar sufuri ta LAMATA da doka a 2002, da taimakon Bankin Duniya, aka zuba mata ƙwararru, gwamnoni suka zo suka wuce tana nan. Sai a Maris 2008 ta buɗe layin bas na musamman daga Mile 12 zuwa CMS, kilomita 22, aka ware wa bas hanyarta ita kaɗai. Wani abin lura, ƙungiyar direbobi ta NURTW aka sa ta kafa haɗaka, ta ci bashin banki ta sayi motocin farko. Waɗanda ake tsoron za su tayar da rigima sai suka zama masu hannun jari.

Kano ta fi Legas sauƙin wannan aiki. Ba ruwa ya raba ta, ƙasarta shimfiɗaɗɗiya ce, kuma manyan titunanta duk tsakiya suka nufa: titin Zariya, na Katsina, na Gwarzo, na Maiduguri, na Haɗeja. A ɗauki guda ɗaya tak, a ce daga Janguza ta Kabuga zuwa cikin gari, inda ɗaliban Jami'ar Bayero kaɗai sun isa su cika mota. A gina shinge na kankare, domin fenti ba zai hana kowa shiga layin ba, har da masu jiniya. A biya kamfanin da ke tafiyar da motocin bisa kilomitar da ya yi a kan lokaci, ba bisa yawan kan da ya cusa ba, don kada direba ya tsaya jiran lodi. Kuɗi ya zama ta kati, kada ya bi ta hannun kwandasta. A ware wa mata ƙofa da kujerunsu, tunda dalilin da ya kawo adaidaita tun farko bai gushe ba, kuma bas ɗin da mace ba za ta shiga da natsuwa ba ta rasa rabin fasinjojinta. Su kuma 'yan adaidaita a zauna da ƙungiyoyinsu tun kafin a zana taswira: lunguna da unguwanni nasu ne, su kawo mutane tasha, masu so a ba su hannun jari ko a horar da su tuƙin bas da gyaranta.

Za a ce bas ba ta da kwarjinin jirgi, kuma gwamna yana son abin da za a tuna shi da shi. Haka ne. Amma layin bas da ya yi shekara biyar yana aiki shi zai nuna a zahiri inda mutane suka fi yawa, ya kuma tsare filin da jirgin zai bi kafin a cike shi da shaguna. Ga layin dogo na Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsu a 2021, in sun kammala za su riƙa sauke ɗaruruwan mutane a lokaci guda, kuma dole wani abu ya kwashe su zuwa cikin gari.

Don haka idan kasafin kuɗi na gaba ya zo gaban Majalisar Dokokin Kano, layin da ya kamata 'yan majalisa da 'yan jarida su nema ba na sayen motoci ba ne. Su nemi na mai, da taya, da albashin direbobi da makanikai, su tambayi daga wane asusu zai riƙa fitowa, da kuma dokar da za ta hana gwamna na gaba rufe shi.