Kwas ɗin kuɗi ba ya saya wa matuƙi kujera a jirgi

Matashi ya gama makarantar tuƙin jirgin sama, ya karɓi lasisin tuƙin jirgin kasuwanci da awa 200 ko 250 a littafin tashinsa, iyaye sun sayar da abin da za su sayar sun biya. Ya aika takardun neman aiki, shiru kake ji. Daga nan tallace-tallace za su fara yi masa sallama: zo ka yi kwas kaza, kamfanoni za su yi rububinka. Ni dai a ganina yawancin waɗannan kwasa-kwasan bashi suke ƙara wa yaro, aikin kuwa yana nan inda yake.

Akwai waɗanda doka ta wajabta, ba su nake nufi ba. A Turai ba ka zama a kujerar dama ta jirgin fasinja, wato ta mataimakin matuƙi, sai ka yi MCC, horon da ke koya wa matuƙa biyu aiki tare, kuma tun Disamban 2019 an ƙara UPRT, wato horon ceto jirgin da ya kufce wa matuƙi. A yi su, a wuce wurin.

Abin da ke ci mini rai shi ne takardar ƙwarewa a kan nau'in jirgi guda, A320 ko Boeing 737, da yaro zai saya alhali babu kamfanin da ya ce yana son sa. Kuɗinta kan haura Yuro 20,000. Makonni ne a na'urar kwaikwayon tuƙi, sai tashi da sauka 6 a jirgin gaske babu fasinja. Wata 12 take yi, sai an sake biya an sabunta ta, hannu kuma yana ta sanyi a gida. Ranar da ya kai ta kamfani, tambayar farko ita ce: awa nawa ka yi a kan wannan jirgin? Babu ko ɗaya. Sai dillalan su dawo su ce to zo ka sayi awannin ma, 300 ko 500, a jirgin da ke jigilar mutane. Fasinja ya biya, matuƙin ma ya biya! Ku duba mini yaron da bashi ya yi wa katutu, kowace awa da kuɗinsa ya saye ta. Ranar da ya tashi da zazzaɓi, zai ce ba zai tuƙa ba? Idan kyaftin ya yi kuskure wajen sauka, zai iya buɗe baki, alhali sa hannun kyaftin yake jira? Ƙungiyar matuƙan Turai, ECA, ta daɗe tana neman a haramta wannan tsari, kuma ina tare da ita.

A Amurka zancen ma bai taso ba. Bayan haɗarin jirgin Colgan Air kusa da birnin Buffalo a Fabrairun 2009, inda mutum 50 suka rasu, an kafa dokar da tun 2013 ta sa mataimakin matuƙi sai ya tara awa 1,500. An sassauta wa masu digirin harkar zuwa 1,000, tsofaffin matuƙan soja 750. Shi ya sa matasan can suke yin kwas ɗin koyarwa, su zauna kusa da ɗalibi a ƙaramin jirgi ƙirar Cessna suna tara awanni ana biyan su. Wannan kwas ɗin ina goyon bayansa ɗari bisa ɗari, ko da albashin bai taka kara ya karya ba.

Na san za a ce wasu kamfanonin Turai masu arahar tikiti suna ɗaukar mai awa 200 su sa shi ya biya kuɗin takardar. Gaskiya ne, amma sai da ya ci gwajinsu suka ba shi kwantiragi, sannan ya zaro kuɗi.

Ɗan'uwa, kafin ka tura ko sisi, ka tambayi makarantar: cikin waɗanda suka gama bara, nawa ne ke tuƙi a kan albashi yau, a wane kamfani? Ka nemi su haɗa ka da biyu ku yi magana. Ka karanta yarjejeniyar ka ga ko aiki aka rubuta ko alkawarin kai ka ganawa kawai, kuma wa zai mayar maka da kuɗinka idan kamfanin ya fasa ɗauka.